Zagaye Arba'in a Hasumiyar Birnin Ƙyastu

A shekarar da damina ta yi ƙarfi har gyaɗa ta ruɓe a ƙasa, akwai wani mai naɗin waya a garin Tudun Goje, sunansa Lawandi. Sana'arsa ke nan tun tasowarsa. Idan fanka ta ƙone, ko injin niƙa, ko na ban-ruwa, sai a kawo masa, ya warware ƙonanniyar wayar da ke ciki ya naɗa sabuwa. Mutum ne marar hayaniya. Matarsa Tabawa ita ce mai maganar gidan, ta yi tata ta yi tasa, shi dai nasa murmushi. Su uku ne a gidan, su biyu da Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifinsa.

Ran wata Laraba bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Tabawa ta fita kwashe shanya daga igiyar da ke ɗaure a jikin giginyar bayan gida. Lawandi yana zaure yana aiki, sai ya ji ƙarar da bai taɓa jin irinta ba. Ko da ya zagaya, giginya ta tsage biyu tana hayaƙi, Tabawa kuwa tana kwance a gindinta.

Ya yi kanta zai ɗauke ta, Gwaggo Delu ta riƙe masa riga.

"Kada ka taɓa ta, ɗan nan. Wanda aradu ta faɗa wa, ba a taɓa shi sai an zuba masa madara."

Aka ruga rugar Fulani aka samo madarar da aka tatso a lokacin. Gwaggo ta yayyafa mata tun daga kai har ƙafa, sannan aka ɗauke ta aka kai ɗaki. Ba ta mutu ba. Jikinta da ɗumi, ƙirjinta yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, idonta a buɗe. Amma ko a kunne ka kira ta ba ta amsawa. Ka san yadda gida yake idan masu shi sun yi tafiya sun bar ƙofa a buɗe, to haka ta zama.

Lawandi ya koma gindin giginya da ƙwaryar madarar a hannu, bai ma san abin da ya kai shi ba. Ya sunkuya yana dubawa, madara ta ɗan zuba a cikin tsagar itacen. Sai tsagar ta buɗe kamar bakin zaure, wani tsoho ya fito daga ciki. Fatarsa launin toka ce, gashin gemunsa kowanne a miƙe, kuma in ya motsa sai ka ji ƙas-ƙas, 'yan tartsatsi suna tashi daga rigarsa.

Tsohon ya ce, "Aminci ga ɗan Adam. Kai ne mai naɗi?"

Lawandi ya ce, "Ni ne, Baba."

"Ni ne Tsatsa, Sarkin Maƙeran Birnin Ƙyastu. Mu ba mu rayawa, ba mu kashewa, wannan na Mai Sama ne. Amma mun san inda aradu take ajiya. Abin da ta ɗauka daga jikin matarka yana wani rumbu a bisa gajimare. Ƙofar rumbun ba ta buɗuwa ga aradun da ta sauko, sai wadda ta tashi daga ƙasa ta yi sama. Muna da hasumiyar da ke yin irinta, ta ƙone, kuma aikin hannun bil'adama take bukata. In ka tashe ta, ƙofa za ta buɗe, naka ya sauko."

"Kwana nawa gare ni?"

"Ba kwana gare ka ba, madarar nan gare ka. Juye ta a gora ka rataya. Muddin tana ruwa, matarka tana iya dawowa. Sa'ar da ta kama ta zama kindirmo, ajiya ta koma ga Mai ita."

Lawandi ya juye madara a gora, ya ɗauko jakar kayan aikinsa, ya leƙa ɗaki ya ce, "Gwaggo, ki kula da ita, ina zuwa." Ya bi tsohon suka shiga cikin giginya.

Suka fita a wata ƙasa da ba ta da rana ba ta da dare. Kullum sararinta kamar hadarin la'asar ne, ja-ja baƙi-baƙi. Ba su yi nisa ba suka shiga wani fili mai baƙaƙen duwatsu. Nan take jakar Lawandi ta fizge daga kafaɗarsa ta manne a jikin dutse. Ya ja, ya ja, ko motsi. Filaya da sukudireba da wuƙar fere waya duk suka huda jakar suka lafe a dutsen, har ƙusoshin takalminsa suka zare, takalmin ya rabu biyu.

Tsatsa ya ce, "Filin Maye ke nan. Ba a wuce shi da baƙin ƙarfe."

"To da me zan yi aikin?"

"Da abin da aka haife ka da shi."

Ya bar kayan da ya yi shekara goma sha biyu yana tarawa, ya wuce ba takalmi. Gora a wuyansa tana cakal-cakal, wannan ƙarar ce kaɗai ke sa ƙafarsa ta ɗagu.

Daga nan suka iso wata fadama mai faɗi, inda aradu ke kiwo kamar shanu. Ga su nan birjik, farare da shuɗɗa, suna tafe suna lasar ƙasa. Duk abin da ya ɗara gwiwa tsawo, a kansa suke sauka. Tsatsa ya kwanta rub da ciki, ya ce, "Ja jiki, kuma kome ka ji kada ka ɗaga kai." Suka yi ta jan ciki a cikin taɓo. Lawandi ya wuce ta gefen wasu gumaka na gawayi, masu siffar mutane, a durƙushe, kowanne ya juya wuya yana waige. A tsakiyar fadamar ya ji an kira shi da muryar Tabawa daga bayansa, har sau uku. Ya cusa fuskarsa a taɓo ya yi ta kuka, amma bai ɗaga ba. Da suka fita gwiwoyinsa da gwiwar hannunsa duk sun saɓule.

Birnin Ƙyastu ganuwarsa ta gilashi ce, gidajensa na baƙin dutse. Mutanensa dogaye ne, sirara, ba mai dariya a cikinsu. Aka kai Lawandi gaban mai birnin, wanda ake kira Magajin Rugugi. In ya yi magana sai ka ji ta a ƙirjinka kafin ta iso kunnenka.

Lawandi ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe."

Magaji ya ce, "Tashi, ɗan Adam. Shekara ɗari uku da suka wuce wani irinka ya ɓato hanya ya zo nan, ya gina mana hasumiya. Ta kan aradunta muke hawa mu ziyarci danginmu da ke bisa gajimare. Tun da ta ƙone, uwa ba ta ga ɗanta ba, wa bai ga ƙaninsa ba. Jan ƙarfe ne jijiyarta, mu kuwa jan ƙarfe ƙona mu yake yi. Mayar mana da ita yadda take. Namu ya hau, naka ya sauko. Ka yarda?"

"Na yarda, ranka ya daɗe. A nuna min ita, lokaci na tafiya."

Hasumiyar tana tsakiyar wani fili. Ginshiƙi ne na gilashi, tsawonsa ya kai na rimi matashi, an naɗe shi da siririyar waya tun daga gindi har kai, duk ta yi baƙi ta ƙone. A samansa an ɗora wani ƙaton zobe na azurfa, sak gammon ɗaukar tulu. A ƙasa kuma wani bututun jan ƙarfe mai kaurin damtse ya kewaye gindin sau goma, amma ko'ina bai taɓa ginshiƙin ba. Gefe guda ga manyan tuluna na gilashi a jere, an shafe cikinsu da bayansu da dalma. Kusa da su ga dunƙulen ƙarfe biyu suna fuskantar juna, da 'yar rata tsakaninsu. Can ƙarshe ga wani ƙaton gargare mai hannu irin na injin taliya, hannun na jan ƙarfe.

Lawandi ya zagaya ya duba, ya ce, "Baba, ban ga inda kaurin nan ya haɗu da siririn ba. Ta ina wutar ke shiga?"

Tsatsa ya ce, "Ba su haɗuwa. Na ga tana aiki da idona, bari in gaya maka. In an juya gargare, wuta na taruwa a tulunan nan kamar ruwa a randa. In suka cika, sai ta tsallake ratar nan da ƙara, ta faɗa cikin bututu. Daga bututu ta koma tulu, daga tulu ta dawo bututu, tana kai da kawowa da saurin da ido ba ya gani. Duk zuwan da ta yi sai ta ingiza siririyar wayar da ke tsaye a tsakiya, ba tare da ta taɓa ta ba. Gindin siririyar a binne yake a ƙasa, saboda haka wutar ba ta da wajen zuwa sai sama. Ta hau, ta hau, ta taru a gammon can, har ya kasa riƙe ta, sai ta fasa iska ta fita."

Lawandi ya gyaɗa kai. Bututu lafiyarsa lau, tuluna ba wanda ya fashe. Siririyar ce ta ƙone, ita ce aikinsa.

Mai naɗi ba ya cire tsohuwar waya sai ya ƙirga ta. Aka kafa masa tsani na igiya, ya hau, ya fara warwarewa daga sama yana zagaya ginshiƙi. Duk zagaye goma sai ya jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. Da ya iso ƙasa ya zazzage aljihu, tsakuwa casa'in. Zagaye ɗari tara ke nan daidai. Ya girgiza gora, tana cakal-cakal, amma ƙarar ta ɗan yi nauyi.

Sabuwar waya kuwa sai a wajen Uwar Zare, wata gizo-gizo mai girman rumbu da ke cikin kogo a bayan birni. Tsatsa ya raka shi bakin kogon ya tsaya nesa.

Uwar Zare ta dube shi da idanunta takwas ta ce, "Me ɗan Adam ke nema a ɗakina?"

"Waya nake roƙo, Uwa. Ta jan ƙarfe, siririya, wadda za ta zagaya hasumiya."

"Ina da ita a cikina. Amma ba na bayarwa, sai dai a ja. Za ta fito da zafi, kuma in ka sake ta sau ɗaya ta tsinke, ba na sake wata sai bayan shekara. Wa kake yi wa wannan wahala?"

"Matata."

"Kyakkyawa ce?"

Lawandi ya ce, "Surutu gare ta, Uwa. Gidan ya yi shiru."

Uwar Zare ta buɗe baki, bakin waya ya leƙo, ja wur. Ya kama da yatsunsa ya fara ja yana naɗewa a wani gungume. Wayar ta ƙona shi, ta yanka shi, fatar yatsunsa ta tafi, bai saki ba. Da ya ja abin da ya ga zai isa, sai ta ce, "Ƙara ja. Amsarka ta yi min daɗi." Ya ƙara. Sannan ta ba shi ƙwarya cike da narkakken ƙaro, ta ce ya riƙa shafa wa wayar kada zagaye ya taɓa ɗan'uwansa tsirara.

Ya dawo ya fara naɗi daga gindi. Aiki ne na haƙuri. Kowane zagaye sai ya kwanta a jikin na ƙasansa, ba hawa, ba rata. Yana naɗawa yana shafa ƙaro, jininsa na gauraya da shi. Mutanen birnin suka kewaye filin suna kallo daga nesa, ba mai tari. Duk zagaye goma sai ya jefar da tsakuwa ɗaya daga aljihunsa, har ta ƙarshe ta faɗi. Ɗari tara sun cika.

To a nan ne fa abin ya faru. Ya duba sama, ya ga akwai sauran wuri tsakanin naɗinsa da gammo, wajen taƙi ɗaya. Ya duba gungume, ga waya ta rage, mai kyau. Sai ya tuna da maigidansa Malam Ilu, wanda ya koya masa sana'a. Malam Ilu bai taɓa mayar da inji da ƙirgen da ya same shi ba, sai ya ƙara 'yan zagaye. Yakan ce ƙarin na hana inji ɗaukar zafi, kuma shi ne albarkar aiki. Haka Lawandi ya yi wa kowace fanka a Tudun Goje, ba kuwa wadda aka taɓa dawo masa da ita. Ya ce a ransa, ai wannan hasumiyar ma ƙonewa ta yi. In ta sake ƙonewa Tabawa na tsakiyar hanya fa? Ya yi bisimilla ya ƙara zagaye arba'in, ya ɗaura bakin wayar a gammo, ya shafe da ƙaro mai kauri har sau biyu. Bai gaya wa kowa ba, don a wajensa ba abin faɗa ba ne.

Da ƙaro ya bushe ya sauko ya kama hannun gargare ya fara juyawa. Tuluna suka ɗauki gunji. Wuta ta tsallake rata, tas, tas, tas, har ƙarar ta haɗe ta zama ɗaya. Kowa ya ɗaga kai. A bakin gammo wani ɗan shuɗin haske ya fito, tsawon ɗan yatsa, ya yi 'yar rawa ya mutu. Lawandi ya ƙara ƙarfi har numfashinsa na sarƙewa. Ɗan yatsan nan dai, ba ƙari.

Ya saki hannu ya zauna a ƙasa. Ya girgiza gora. Ba cakal-cakal yanzu, sai wani lumtsum-lumtsum kamar kunu.

Tsatsa ya zo ya tsuguna a gabansa. Ya aika aka kawo garaya biyu. Ya jingina ɗaya da dutse, ya riƙe ɗaya, ya ɗaure tsirkiyarta har muryarsu ta zo ɗaya. Ya kaɗa ta hannunsa, sai ga ta jikin dutse tana amsawa ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Ya ɗan sassauta tsirkiyar tasa kaɗan, ya sake kaɗawa. Ta jikin dutse ta yi shiru.

Ya ce, "Haka mai ginin ya nuna mana. Bututu da tuluna suna da saurin kai da kawowarsu. Doguwar waya da gammonta su ma suna da nasu. Sai sun zo ɗaya. Ka taɓa tura yaro a lilo? In ka tura shi daidai lokacin da ya juya zai tafi, ko da ɗan yatsa kake turawa sai ya kai reshe. In ka tura yana tahowa, tsayar da shi kake yi. Waya in ta ƙara tsawo, lilonta ba ya sauri, nauyi take yi. Ɗan Adam, ɗari tara ka cire. Nawa ka mayar?"

Lawandi ya ce, "Ɗari tara da arba'in."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, Baba. Haka muke yi. Don kada ta ƙone ne."

Tsatsa bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce, "Hau ka cire."

Ya hau. Ƙaron da ya shafa sau biyu ya bushe ya zama kamar dutse, ga shi ba wuƙa, ba filaya. Da farce ya riƙa ƙanƙara, da farcen suka ƙare ya sa haƙori. Kuma ba dama ya yi garaje, don in ya ji wa na ƙasa rauni aikin duka ya tashi. Ɗaya, biyu, uku. Yana cirewa yana cewa, "Ki jira ni, Tabawa, ki yi haƙuri ki jira ni." A zagaye na ashirin da bakwai ya sunkuya, gora ta bugi ginshiƙi. Bai ji kome ba. Ya tsaya, ya kai ta kunne ya girgiza. Shiru. Ya cire marfin ya karkata ta, ko ɗigo bai zubo ba.

Ya daɗe a kan tsanin nan.  Can sai ya mayar da marfin, ya ci gaba da cirewa, don bai san wani abin da zai yi da hannunsa ba. Ya cire sha ukun da suka rage, ya ɗaura waya a gammo, ya sauko ya kama gargare.

Wannan karon tun juyi na bakwai gashin jikin kowa ya miƙe. Gammo ya yi shuɗi, ya yi fari, sai aradu ta fashe daga kansa, rassa-rassa kamar saiwar itace da aka juya sama. Ta yi ta tsawo tana lalube a cikin iska har reshe ɗaya ya kama gajimare. Gajimaren ya tsage, ƙofa ta buɗe. Mutanen Birnin Ƙyastu suka yi ta hawa ta kan hasken, wasu na saukowa, ana rungume-rungume, waɗanda ba su dariya yau suna yi.

Lawandi bai ɗaga kai ba, juyi kawai yake. Sai ƙarar aradun ta fara lanƙwasa, ta yi sama ta yi ƙasa, ta zama murya.

"Mai waya. Kai ne da wannan hayaniyar?"

Nan ya kusa sakin hannu. Ya ce, "Tabawa. Ki sauko, ga hanya na buɗe miki."

"Na gani. Na zo bakin ƙofa ƙafata ta ƙi wucewa. An ce lokaci ya shige."

"Ni ne. An ce in mayar yadda take, na ƙara."

"Ai na sani. Da aka ce an samu jinkiri na ce to, mutumina ya ƙara. Kai da ko gishiri aka ce ka miƙo sai ka haɗo da barkono." Ta yi 'yar dariyarta, aradu ta yi rawa da ita. "Ka ci abinci kuwa?"

Ya ci gaba da juyi.

"Ba ka ci ba. Ka ga, daddawata tana kan rufin madafa, ka ce wa Gwaggo ta sauke kada ta lalace. Kuma ɗan akuyan nan ba na yanka ba ne, na Hansai ne 'yar yayata, na yi mata alkawari."

"Ki yafe min, Tabawa."

"Me ka yi min? Kwana ne ya ƙare, Mai waya. Ko ɗari tara cif ka naɗa, in ya ƙare ya ƙare. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min bakina."

Magajin Rugugi ya matso ya tsaya a kansa, ya ce, "Ɗan Adam, namu ya samu, naka bai samu ba, kuma ba mu ji daɗin haka ba. Ƙofa ta buɗu, za ta shekara ɗari ba ta rufe ba. Ga abin da zan iya yi maka. Muddin hannunka na juya gargaren nan, muryarta na tare da kai, kuma ba za ta wuce gaba ba. Zauna a birnina. Za mu ba ka ƙarfin da ba ka gajiya, ba ka barci. Amma in ka saki sau ɗaya, ta tafi ke nan."

Lawandi ya ce, "Na zauna, ranka ya daɗe." Ya ƙara riƙe hannun da kyau.

Sai muryar ta ce, "A'a, Mai waya. Wurin nan ba zama ba ne, ba tafiya ba. A tsaye nake tun jiya, na gaji. Can gida kuma an yi min wanka, an naɗe ni, mutane na zaune a ƙofar gida. Gwaggo ta hana a ɗauke ni, ta ce ka ce kana zuwa. Kada ka bar tsohuwa tana jayayya da maza. Ka je ka sa ni a ƙasa da hannunka."

"In na saki ba zan ƙara jin ki ba."

"Shekara shida kana ji na, ba ka taɓa cewa in yi shiru ba. Ya isa. Saki."

Ya ƙara juyi ɗaya. Ya ƙara wani. Ita kuwa tana jiransa. Sai ya buɗe yatsunsa. Gargare ya yi ta juyawa shi kaɗai yana rage sauri, aradu ta gajarce, ta dawo tsawon mutum, ta dawo tsawon hannu, ta ɗauke.

Tsatsa ya kama shi ya miƙar, ya bi da shi ta wata gajeriyar hanya da ba fadama ba duwatsu. Suka iso bakin giginya. A nan tsohon ya ce, "Aminci ga ɗan Adam," ya juya, itacen ya rufe.

Hantsin Alhamis ne a Tudun Goje. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune, makara na jingine da bango. Suka gan shi ya ɓullo daga bayan gida ba takalmi, taɓo har wuya, hannuwa duk jini. Ba wanda ya tambaye shi inda ya je. Gwaggo Delu ta leƙo daga zaure ta dube shi, ya girgiza mata kai, ta koma ciki. Sai a lokacin aka ji kukanta.

Aka ba shi buta ya yi alwala, aka yi salla, aka ɗauka. A maƙabarta liman ya dubi hannuwansa ya ce, "Lawandi, bari yayyenta su shiga, kai ba ka da yatsun riƙo."

Lawandi ya tattare rigarsa ya sauka cikin ramin. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannuwansa sama, ya ce, "Ku miƙo min ita a hankali."